Shin

A Panteka, bayan la'asar,
ruwan Agusta ya tsare mu a rumfa,
ni da tsoho Fang, makanikin da ke kwana Rigasa,
ya zo neman bel ɗin injin ban-ruwa.
Da hira ta ƙare, ruwa bai ƙare ba,
sai ya tsoma yatsa a baƙin mai,
ya ja zane tara a bayan kwali:

信

Na ce, wannan kuma wane irin tsani ne?
Ya yi dariya har haƙorin azurfa ya leƙo.

Ga mutum a hagu, in ji shi,
zane biyu kacal, siriri kamar ɗan dako.
Ga magana a dama, hawa kan hawa,
baki a ƙasa yana ɗauke da ginin.
Mutum ne ya jingina da maganarsa.
In ta rushe, da shi za ta rushe.

Na ce, yaya sunansa?
Ya ce, shin.
Na ce, shin?
Ya girgiza kai: ka rataye shi a sama.
Kwantar da harshe bayan haƙoran ƙasa,
ka ɗauko muryar daga bisa, ka dire ta
yadda ake dire buhun siminti.
Ban yi musu ba, mu ma mun san haka:
kukan jariri daban, kukar miya daban,
murya ce kaɗai ta raba musu gado.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan:
mu, shin ƙofar shakka ce.
Shin zai zo? Shin zai biya?
Shin kayan nan na asali ne?
Su kuwa da ita suke cewa amana,
da ita suke cewa na gaskata,
da ita suke kiran wasiƙa.

A rubutun kakanninsu, in ji shi,
kafin takarda ta ƙwace sunan,
ɗan aiken da ke ɗauke da ita ake kira haka.
Wani wurin a karanta shi shen,
abin da ya lanƙwashe ya miƙe ke nan.
Wani wurin kuma baƙo ne
da ya kwana, ya sake kwana a masauki ɗaya.
Na ce, kwana biyu!
Ai mu gaisuwa ce, ta wanda aka daɗe ba a gani ba.
Ya rubuta wannan a ɗan littafinsa.

Da kaka ta yi, gobara ta lashe layinmu.
Ya zo, ya dubi tokar, bai ce sannu ba,
Hausarsa ba ta kai nan ba tukuna.
Dubu tamanin ya ƙirga mini a tafin hannu.
Na ce a kira shaidu, a kawo biro.
Ya nuna kwalin nan, da ya tsira a aljihun babur.

Aikinsu ya ƙare ina Kafanchan wajen biki.
Lambarsa yanzu wata mata ke ɗauka,
ta yi ta magana, ni ina ta sallama.

Kuɗin na nan a ambulan, cikin gwangwanin madara.
Sau biyu Larai ta ce a taɓa, kuɗin makaranta,
sau biyu na ce ba namu ba ne.
A bayan ambulan na kwaikwayi zanen,
mutumin ya karkace, bakin ya yi faɗi.

Duk jirgin da ya yi kuka daga Rigasa
sai na ji kalmar ta taso mini a maƙogwaro.
Shin yana raye? Shin zai dawo?
Sai in tuna, in ɗauko ta daga bisa,
in dire.